Injin da ke kwana wata biyar: kula da motar yankan ciyawa a ƙasar hunturu

Motar yankan ciyawa, wato injin nan mai taya huɗu da kujera da sitiyari wanda mutum ke hawa yana tuƙawa wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinsa, tana cikin kayan aikin da na fi ganin ana asararsu a ƙasar da nake zaune, inda hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara. Yawancin waɗanda ke ƙin tashi idan ciyawa ta fara tsirowa lafiya lau aka kai su ma'ajiya, kuma a can cikin ma'ajiyar suka lalace, babu wanda ya taɓa su. Saboda haka ra'ayina shi ne, ranar da ta fi kowace rana muhimmanci a shekarar wannan inji ita ce ranar da aka yi yankan ƙarshe aka ce za a ajiye shi, kuma ita ce ranar da masu shi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Mu da muka koyi sanin ƙaramin inji a kan janareta da babur a ƙasa mai zafi, mun saba da injin da ba ya hutawa. Fetur ba ya yin mako guda a tanki, batir yana samun caji kullum, kuma abubuwan da ke cin injin su ne ƙura da zafi da aiki fiye da kima. Irin wannan lalacewa tana da kyau ta fuska ɗaya, domin tana sanar da kanta: ƙarar inji za ta canza, hayaƙi zai yi baƙi ko shuɗi, ƙarfi zai ragu, sai mai shi ya nemi makanike tun abin bai yi nisa ba. Wannan sani na gaske ne, kuma rabinsa yana aiki a kan motar yankan ciyawa, tunda ita ma inji ne mai silinda ɗaya ko biyu da iska ke sanyayawa, mai fulogi da kafireta da filtar iska. Inda sanin ke gazawa shi ne a nan: wannan mota tana aikin awa ɗaya ko biyu a mako daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, sannan ta zauna wata huɗu zuwa shida ba ta motsa ba. Lalacewar da ke faruwa a lokacin zama ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, don haka wanda ya saba jiran alama kafin ya duba inji ba zai ga komai ba sai ranar da ya murɗa makulli.

Babbar matsalar ita ce fetur. Fetur haɗi ne na sinadarai masu nauyi daban-daban, kuma masu sauƙin cikinsu, waɗanda su ne ke fara kamawa da wuta idan inji yana da sanyi, su ne ke fara tashi su bi iska. Abin da ya rage kuma yana haɗuwa da iskar da ke cikin tanki, a hankali ya zama wani danƙo mai ruwan ƙasa wanda ke liƙe wa ƙarfe. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan injuna, kamar Briggs & Stratton, suna gargaɗin cewa fetur na iya fara lalacewa cikin kwana 30 kacal. A cikin tanki wannan danƙo ba zai hana komai ba nan take, amma a cikin kafireta, inda mai ke bi ta ramukan da ba su kai kan allura faɗi ba, ɗan kaɗan ya isa ya toshe hanya. Shi ya sa injin da aka ajiye yana aiki sumul zai tashi ya mutu, ko ya riƙa hawa da sauka da ƙara, ko ya ƙi tsayawa sai an bar shi a kan cok.

Akwai ƙarin abin da mai zuwa daga wata ƙasa ba zai yi tsammani ba. Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen mai na Amurka yana ɗauke da etanol, wato wani nau'in barasa da ake gaurayawa da fetur, har kashi 10 cikin ɗari, wanda ake kira E10, kuma Birtaniya ma ta mayar da shi fetur ɗinta na yau da kullum a watan Satumba na 2021. Etanol yana jan danshi daga iska. Muddin ruwan kaɗan ne zai zauna a gauraye ya ƙone tare da mai, amma idan ya wuce abin da haɗin zai iya riƙewa, sai ruwan da etanol su ware su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda tiyo ke zuƙar mai. Wannan ruwa shi ne ke cin kwanon kafireta ya bar farin gari ko tsatsa. Motar da ake hawa kullum ba ta san wannan ciwo ba, saboda tana shanye tankinta kafin a kai ga haka. Shi kuwa E15, mai kashi 15, hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta amince a zuba shi a ƙananan injuna irin waɗannan ba ko kaɗan, kuma ya kamata mutum ya karanta abin da ke rubuce a jikin famfo kafin ya cika jarka.

Masu wannan inji sun kasu gida biyu a kan abin yi. Wasu suna cewa a bar inji ya yi ta aiki har ya shanye mai ya mutu da kansa, a ajiye shi tanki wayam. Wasu kuma suna cewa a cika tanki da sabon fetur da aka zuba wa maganin hana lalacewa, a kunna injin na 'yan mintuna domin man mai magani ya kai kafireta, sannan a kashe. Na fi karkata ga hanya ta biyu, kuma dalilina shi ne injin da ya mutu da kansa bai shanye komai da komai ba, akwai ɗan abin da ke saura a ƙasan kwanon kafireta, kuma wannan ɗan saura a cikin iska mai yawa ya fi saurin zama danƙo fiye da cikakken kwano. Tankin da ya cika kuma ba ya barin wuri ga iska mai danshi. Sai dai hanya ta farko tana da gurbinta: idan dole ne a ajiye motar a cikin ginin da mutane ke kwana, gara a ɗebe man gaba ɗaya, a kwance notin da ke ƙasan kwanon kafireta ragowar ya zube a cikin mazubi. Abin da ba ni da shakka a kansa shi ne hanya ta uku, wadda ita ce mafi yawan mutane ke bi, wato a bar rabin tanki na tsohon mai ba magani a rufe ƙofa, ita ce mafi muni. Sannan maganin ba ya gyara man da ya riga ya lalace, a sabon mai ake zuba shi.

Wani ƙaramin abu da nake ganin kowane mai irin wannan mota ya kamata ya sani shi ne famfon rufe mai. A motoci da yawa tanki yana sama da kafireta, mai yana gangarowa da nauyinsa, kuma abin da ke tare shi allura ce ƙarama a cikin kwano. Idan allurar ta tsufa ko datti ya shiga ƙarƙashinta, fetur zai yi ta ɗiga tsawon watanni, ya bi ta silinda ya sauka cikin baƙin mai ya tsinka shi. Wanda ya kunna inji a haka zai ci ƙarfen cikinsa cikin ɗan lokaci. Idan motar tana da famfo a jikin tiyo a rufe shi, idan ba ta da shi sanya shi aikin mintuna kaɗan ne.

A wajen juyen baƙin mai ma kwatancin da janareta yana iya ɓatar da mutum. Wanda ya saba ƙirga awannin aiki zai duba ya ga cewa littafin umarni ya ce a yi juye bayan awa 50, ya lissafa ya ga bai kai ba a duk shekarar, ya ce sai baɗi. Amma ƙa'idar da aka saba rubutawa ita ce awa 50 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Man da ya yi aiki yana ɗauke da asid da danshi da toka daga ƙonewar fetur, kuma barinsa ya kwana wata biyar a jikin ƙarfe illa ce ko da bai yi baƙi ƙirin ba. Don haka na fi son a yi juye kafin ajiya maimakon bayanta, a yi shi inji yana da ɗumi domin mai ya zubo da dattinsa, a canza filtar mai idan injin yana da ita, a zuba irin man da littafin ya ambata, wanda galibi SAE 30 ne ko 10W-30. Tsohon man kuma a zuba shi a jarka a kai wurin da ke karɓarsa, kada a zubar a ƙasa ko a magudanar ruwa.

Batirin wannan mota na volt 12 ne mai dalma da ruwan asid, irin na mota amma ƙarami. Ko ba a taɓa shi ba yana zubar da cajinsa a hankali, kuma idan ya daɗe a ƙasa sai wani gishiri ya daskare a jikin farantan dalmar ya ƙi narkewa, daga nan batirin ba zai sake riƙe caji kamar da ba. A ƙasa mai zafi nan labarin ke tsayawa. A ƙasar hunturu akwai ƙari, domin ruwan batirin da ya cika da caji yana jure sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili, alhali na wanda ya mutu ya kusa komawa ruwa zalla, yana iya daskarewa a digirori kaɗan ƙasa da sifili ya kumbura ya fasa jikinsa. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 a ma'auni. A cire shi, a fara kwance wayar baƙa mai alamar ragi kafin ja, a goge kawunansa, a ajiye shi a wuri busasshe mai ɗan sanyi, a haɗa shi da ƙaramar cajar nan da ke yanke wuta da kanta idan ya cika, ko a riƙa yi masa caji sau ɗaya a wata. Wajen mayarwa ja ce ke fara shiga, baƙa ta biyo baya.

Ƙarƙashin motar, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙe ke juyawa a cikinsa, shi ne wurin da ido ba ya kaiwa, kuma shi ne yakan riga inji mutuwa. Ɗanyar ciyawa tana manne masa ta yi kauri, ta riƙe ruwa, ta ci fenti, tsatsa ta huda ƙarfen daga ciki. A kankare shi tas, a bari ya bushe, kafin ajiya. Amma kafin hannu ya kusanci wurin, a kashe inji, a zare makulli, a ja birki, a cire wayar fulogi, domin kada inji ya tashi ba zato. Motar tana da nauyin da ya kai kilo 200 ko fiye, saboda haka jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, sai an sa madogarai masu ƙarfi, ko kuma a kwance murfin a jawo shi waje, wanda a ganina shi ya fi aminci ko da ya fi cin lokaci.

Wuƙaƙen kuwa ana wasa su bayan awa 20 zuwa 25 na aiki. Dakusasshiyar wuƙa tana yaga ciyawa maimakon ta yanke ta, shi ya sa bakin ganyen ke yin ruwan ƙasa bayan kwana biyu, kuma tana sa inji shan mai fiye da kima. Bayan washi dole a gwada daidaiton nauyin ɓangarorin biyu, ko da ta hanyar rataye wuƙar a kan ƙusa ta raminta na tsakiya a ga ko wani gefe zai rinjaya. Dalilin shi ne gudun da take yi: mizanin masana'antu na Amurka ya ƙayyade gudun bakin wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, wato kusan kilomita 350 a awa. A irin wannan gudu ɗan bambancin nauyi ya isa ya girgiza motar ya cinye boris. Wuƙar da ta lanƙwashe ko ta tsage bayan ta daki dutse ko saiwa sai dai a canza ta. A nan ne nake ganin ya kamata mu danne ɗabi'ar nan ta son ceto kowane ƙarfe da guduma da walda, wadda take da amfani ƙwarai a wasu wurare, domin ƙarfen da aka miƙar ya riga ya yi rauni, kuma idan ya ɓalle a wannan gudu ba a san inda zai nufa ba.

Sauran ƙananan ayyukan ba su da wuya. A duba bel ko ya tsattsage, a sa giris a inda aka tanadar masa, a canza fulogi da filtar iska sau ɗaya a shekara, a daidaita iskar tayoyi bisa abin da aka rubuta a jikinsu, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska tana karkatar da murfin wuƙaƙe yanka ya fito gefe sama gefe ƙasa.

Wurin ajiyar kansa yana da nasa haɗari, kuma a nan bambancin yanayi ya fi fitowa fili. Duk wanda ya yi amfani da janareta ya san cewa hayaƙinsa yana kisa, kuma a waje ake kunna shi. Amma a ƙasar sanyi gareji yakan kasance manne da gida, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da ɗakuna, kuma sanyi yana sa mutum ya so ya gwada inji ƙofar waje a rufe. Gubar da ke cikin hayaƙin, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ƙaramin inji yana fitar da ita da yawa. Ko na minti biyu ne, a tura motar waje. Haka kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa ya bi daɓe, kuma a gidaje da yawa tukunyar ɗumama ruwa ko injin ɗumama ɗaki mai aiki da gas yana cikin gareji ko kusa da shi da ɗan harshen wutarsa. Motar da jarkar fetur ba su da wuri kusa da irin wannan wuta. A bar inji ya huce kafin a shigar da shi, a share busasshiyar ciyawa da ganye daga kan salansa da kewayen inji, domin su ne ke fara kamawa.

Ɓeraye ma suna neman mafaka idan sanyi ya shigo, kuma ƙarƙashin murfin fankar inji wuri ne da suke so. Suna tara ciyawa da tsumma a tsakanin ƙarafan da ke sanyaya silinda, su ciji wayoyi. Injin da ba shi da lagireto da iska kaɗai ya dogara, don haka sheƙar ɓera guda tana iya sa shi ya yi zafi har ya ƙone alhali yana da mai yana da komai. Wanda ba shi da rumfa kuma dole ya bar motar a waje, ya guji naɗe ta da tampol na leda har ƙasa, domin yana tare danshin da ke tasowa daga ƙasa ya mayar da shi raɓa a jikin ƙarfe. Mayafi mai barin iska ta ratsa ya fi, kuma a ɗora tayoyin a kan katako ko daɓe.

Batun makulli na ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na ajiya, kuma shi ne wanda ya fi damuna. Wannan mota tana da siffar abin wasa a idon yaro, tana da kujera da sitiyari daidai tsayinsa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar cewa kada yaro ya tuƙa ta sai ya kai shekara 16, kuma kada a ɗauki yaro a kanta a matsayin fasinja ko da wuƙaƙe a kashe suke. Hikimar sharaɗi na biyun ita ce yaron da aka taɓa ɗorawa a cinya yakan rugo da gudu ya biyo motar wata rana, daga baya, inda matuƙi ba ya gani kuma ƙarar inji ba ta bari ya ji. Makulli bai kamata ya kwana a jikinta ba ko na dare ɗaya.

Saboda irin wannan ne aka sa mata na'urorin kariya: maɓallin da ke ƙarƙashin kujera wanda ke kashe inji idan matuƙi ya tashi wuƙaƙe na juyawa, da wanda ke hana yanka yayin tafiya da baya sai an danna shi da gangan. Akwai masu haɗe wayoyin waɗannan maɓallai don su huta da abin da suke gani takura ce, kuma ina ganin wannan ganganci ne da ba shi da uzuri, musamman a gidan da ke da yara. Gwada su yana cikin kula da inji kamar yadda juyen mai yake ciki. Haka ma birki, tunda littattafan umarni galibi suna hana hawa gangaren da ya wuce digiri 15, kuma suna cewa motar mai sitiyari a bi da ita sama da ƙasa maimakon a ratsa gangaren ta gefe, inda take iya kifewa a kan matuƙi.

Wasu za su ce duk wannan ɗawainiya ta kusa zama tarihi, tunda motoci masu aiki da batirin litiyam suna ƙaruwa, kuma jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2021 da ke nufin daina sayar da sababbin ƙananan injunan fetur irin waɗannan tun daga ƙirar 2024. Gaskiya ne mai batir ya huta da fetur da kafireta da fulogi da juyen mai, kuma ga wanda filinsa bai yi girma ba ina ganin zaɓi ne mai kyau. Amma wuƙaƙe da murfinsu da tayoyi da makulli suna nan yadda suke, kuma batirin, wanda shi ne mafi tsada a jikin motar, yana da nasa sharuɗɗan ajiya. Batirin litiyam ba ya son a yi masa caji yana ƙasa da sifili a ma'aunin sanyi, ba ya son a bar shi ya ƙare tas na tsawon watanni, kuma kamfanoni da yawa suna so a ajiye shi da matsakaicin caji a wuri busasshe da sanyi bai yi tsanani ba. Shirun motar ma yana da nasa haɗari, domin ba ta da ƙarar da ke gaya wa na kusa cewa a kunne take.

Idan ciyawa ta fara tsirowa kuma lokacin fito da motar fetur ya yi, kada a fara da murɗa makulli. A zaro sandar gwajin mai a duba, a sansana, idan man ya haura alama ko yana warin fetur a sake juye kafin komai. A leƙa ƙarƙashin murfin fanka a cire duk abin da ɓera ya tara, a bi wayoyi da tiyon mai da ido. Idan ana son tura ta da hannu, motoci masu giyar mai suna da wani ɗan ƙarfe a baya da ake ja don a saki tayoyi, kuma dole a mayar da shi kafin ta yi tafiya. A mayar da batir, a buɗe famfon mai, a kunna ta a fili, a bar ta ta yi ɗumi na 'yan mintuna, sannan a kunna wuƙaƙe a ɗaga jiki daga kujera kaɗan a ga ko inji zai mutu. Idan bai mutu ba, a gyara wannan maɓalli kafin a shiga ciyawa.